Perpetua Nkwocha ko Asisat Oshoala: wa za a sa a gaba?

Bello_Fagge
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da magana, kuma na san za ta tayar da ƙura. Duk lokacin da aka zo lissafin gwanayen ƙwallon mata na Afirka, da Asisat Oshoala ake farawa, da ita ake rufewa, sai ka ce kafin 2014 mata ba sa taka leda a nahiyar nan. Ni a wajena har gobe babu wadda ta kai Perpetua Nkwocha. Sau huɗu tana zama gwarzuwar Afirka: 2004, 2005, 2010 da 2011. Kofin Afirka na 2002, 2004, 2006, 2010 da 2014 duk da ita aka ɗauko. Ta je gasar kofin duniya sau huɗu, ta je Olamfik sau uku. A wasan ƙarshe na 2004 a Afirka ta Kudu Najeriya ta lallasa Kamaru da ci 5-0, huɗu daga ciki ita kaɗai ta zura. Huɗu a wasan ƙarshe!  Me ya sa yaran yanzu ko sunanta ba su sani ba?

Khalifa_Barca
Wa alaikumus salam. Yaya Bello, da girmanka, amma shida ta fi huɗu ko a wace makaranta aka yi lissafin. Asisat ta ɗauki kyautar a 2014, 2016, 2017, 2019, 2022 da 2023. Magana ta ƙare.

Maman_Hanifa
Ba ta ƙare ba Khalifa, yanzu ma aka fara. Ka bar manya su yi bayani tukuna.

Khalifa_Barca
To Anti, bari in ƙara. Asisat ta ɗauki kofin zakarun Turai da Barcelona a 2021, ita ce mace ta farko daga Afirka da ta yi hakan. A kakar 2021/22 ta ci ƙwallo 20 a gasar Sifaniya. Ta yi Liverpool, ta yi Arsenal. Ita Perpetua ƙungiyar da ta daɗe a ciki ma ni yau na fara jin sunanta da na bincika.

Malam_Sabo_Koci
Khalifa, a nan ne matsalar take, kana auna ƙwallon 2007 da ma'aunin yau. Lokacin da Perpetua ta tafi Sunnanå a Suwidin a 2007, Barcelona ta mata ba ƙungiyar ƙwararru ba ce, sai a 2015 ta zama. Gasar mata ta Ingila da kake kallo yanzu a 2011 aka kafa ta, kuma sai 2018 duk ƙungiyoyinta suka koma biyan 'yan wasa a matsayin cikakkiyar sana'a. A Amurka gasar da Mercy Akide da Florence Omagbemi suka buga ta rushe tun 2003 saboda rashin kuɗi. A shekarun nan idan mace tana son ta ci abinci da ƙwallo, Suwidin da Jamus ne wuraren zuwa. Marta ta Birazil, wadda ta ɗauki kyautar gwarzuwar duniya sau biyar a jere daga 2006, a ina take wasa lokacin da ta fara ɗauka? A Umeå, nan arewacin Suwidin, tafiyar kamar awa biyu a mota daga garin da Perpetua take. Umeå ɗin ta ɗauki kofin Turai a 2003 da 2004. Gasa ɗaya suke bugawa. Saboda haka kada ka ce don ba ka san sunan ƙungiya ba, ƙaramar gasa ce. Ita ce babbar gasar zamaninta.

Bello_Fagge
Allah ya saka da alheri Malam. Abin da ke raina kenan, na kasa tsara shi haka.

Ɗan_Zango_Kumasi
Ina gaida zaure daga Kumasi. Mu a nan mun san Perpetua sanin da ba ma so. A 2002 a Najeriya, Black Queens, tawagarmu ta Ghana, ta doke Falcons ta Najeriya 1-0 a wasan rukuni, Alberta Sackey ta ci, garin nan kamar an yi Sallah. Muka sake haɗuwa a wasan ƙarshe aka ba mu 2-0. A 2006 ma wasan ƙarshe mu da ku ne a jihar Delta, aka tashi 1-0, kuma ita wannan baiwar Allah ce ta ci. Amma don Allah idan ana lissafi a riƙa tunawa da Sackey da Adjoa Bayor, su ne gwarazan Afirka na 2002 da 2003. Bayor a taɓa ƙwallo da rarraba ta ban ga wadda ta fi ta ba a zamanin. Rashin kofi ne ya danne sunanta.

Hajiya_Turai
Ɗan Zango ka faɗi gaskiya game da Bayor.

Sani_Lissafi
Ni ba na bayan kowa, amma akwai abin da masu goyon bayan Perpetua suke tsallakewa. Ta buga kofin duniya na 2003, 2007, 2011 da 2015. A duka huɗun, a matakin rukuni aka koro Najeriya. A 2003 ko ƙwallo ɗaya ba mu ci ba. A 2007 guda ɗaya muka ci, Cynthia Uwak ce ta ci Suwidin aka yi kunnen doki. Ita kanta Perpetua ƙwallo ɗaya take da ita a duk kofin duniyar da ta je. Asisat kuwa ta ci a 2015, ta ci a 2019, ta ci a 2023. Gwaninta a Afirka ba a musa wa Perpetua, amma a wancan lokacin wa ke ja da Najeriya a Afirka? Cin ƙwallo 11 a gasar 2010 abin yabo ne, sai dai a duba su wa aka ci.

Khalifa_Barca
Yawwa! Sani ka gama da su.

Malam_Sabo_Koci
Sani, hujjarka tana da nauyi, ba zan ce ba ta da shi ba. Amma ka duba rukunan da muka faɗa. A 2011 Jamus mai masauki ce kuma mai riƙe da kofi, ga Faransa, ga Kanada. Jamus da ƙyar ta ci mu 1-0, Faransa ma 1-0. Ƙungiyar da ake tara ta makonni kaɗan kafin gasa, ba wasannin sada zumunta na kirki, ta je ta tsaya wa Jamus haka a gidanta, wannan ba abin rainawa ba ne. 'Yar wasan gaba ba ta cin ƙwallon da ba ta iso gare ta ba. Kuma batun cewa babu mai ja da mu a Afirka, a 2008 da 2012 ai Ikwatoriyal Gini ce ta ɗauka. Ita ɗin muka doke 4-2 a wasan ƙarshe na 2010. Ka manta da Olamfik ma: a Atina 2004 mun kai wasan daf da na kusa da na ƙarshe, mu muka fara cin Jamus kafin su farke su ƙara. A Beijin 2008 Perpetua ce ta fara cin Birazil da fenareti, kafin Cristiane ta zuba mana uku.

Usman_Gidan_Kallo
Wannan ƙwallo ɗaya ta 2011 da Sani yake magana, a gidan kallona aka gan ta, kuma ba zan manta da daren ba. Wasa da Kanada ne a Dresden, an riga an fitar da mu an fitar da su, don haka mutanen da suka shigo ba su cika benci uku ba. Ana cikin zagaye na biyu sai allo ya yi duhu. Yarona ya zabura da tocila ya nufi janareta, ni kuma ina duba waya a bayan talabijin. Sai wani dattijo da ke zaune a gaba ya ce ku dakata, ai ga rubutun maki nan a kusurwa, kuma mai sharhi bai daina magana ba. Ashe a filin wasan ne fitilu suka mutu, a Jamus! Aka yi kusan minti goma 'yan wasa suna tsaye cikin duhu. Da wuta ta dawo ba a jima ba ƙwallo ta faɗo gaban Perpetua ta tura ta raga. Mutanen da suka shigo suna cewa sun zo kashe lokaci ne kawai, sai ga su a tsaye kan benci suna ihu. Tana da shekara 35 a lokacin.

Maman_Hanifa
Allah sarki. Malam Usman, mata suna shigowa kallo a wajenka?

Usman_Gidan_Kallo
A'a Hajiya, ko ɗaya. Ko ranar da mata ke wasa maza ne ke cika wurin.

Abu_Sumayya
Ni tambayata daban ce. Duk wannan yabon da ake yi, a cikinku wa zai bar 'yarsa ta sa gajeren wando ta shiga fili maza suna kallo? Mu faɗa wa juna gaskiya. Muna tafa wa 'ya'yan wasu, namu muna tsare su a gida, kuma ni ina ganin tsarewar ita ce daidai.

Zainab_PHE
Malam Abu Sumayya, ni malamar motsa jiki ce a makarantar 'yan mata ta kwana, bari in gaya maka abin da nake gani da idona. Ranar wasanni yaran nan da dogon wando da hijabi suke buga ƙwallo, a fili mai katanga, ba namiji ko ɗaya sai mai gadi a bakin ƙofa. Akwai wata yarinya da na koyar, 'yar aji biyar, ƙafar hagu gare ta. Idan ta ɗora ƙwallo a nesa da raga sai mai tsaron gida ta fara addu'a. Ba takalmin ƙwallo take sawa ba, kambas ɗin makaranta ne da ya tsage a gefe ta ɗaure da zare. Ta gama makaranta, shi kenan, ƙwallo ta ƙare, domin babu inda za ta je ta ci gaba cikin suturarta da mutuncinta. Ba na cewa kowa ya saki 'yarsa. Ina cewa batun sutura an riga an warware shi: tun 2014 dokar ƙwallo ta amince da rufe kai, kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga kofin duniya na 2023 da hijabinta. Abin da ya rage namu ne, mu samar da wurin da uba zai yarda ya kai 'yarsa hankalinsa kwance.

Abu_Sumayya
Malama, na ji bayaninki kuma na gode da ladabin da kika yi. A cikin makaranta tsakanin mata ba ni da ja. Fita duniya ne ban gamsu ba har yanzu.

Ɗan_Lafiya
A dai riƙa tunawa arewa ba Kano da Sakkwato kaɗai ba ce. Nasarawa Amazons tana nan Lafiya, ta ɗauki gasar mata ta ƙasa a 2013 da 2017. Akwai Adamawa Queens. Kocin da ya ciyo kofin Afirka a Maroko a 2025, Justine Madugu, ɗan Adamawa ne.

Admin_Garba
Jama'a a dawo kan Perpetua. Mai son muhawarar 'yan mata da ƙwallo a arewa ya buɗe mata zare nata, za ta samu masu magana.

Hajiya_Turai
To bari in dawo da ku. Ina zaune a Suwidin da iyalina, kuma aiki ya taɓa kai maigidana Skellefteå, garin da Perpetua ta zauna, muka bi shi cikin hunturu. Wanda bai je ba ba zai gane ba. A watan Disamba kafin ƙarfe biyu na rana duhu ya rufa, Azahar da La'asar da Magariba duk a ƙurace suke zuwa. Sanyin kuwa idan ka fito gashin hancinka ne ke fara daskarewa. Mace ta taso daga jihar Imo ta je can ta yi daga 2007 har 2014 a ƙungiya ɗaya. Ƙungiyar ta faɗo daga babban rukuni ba ta gudu ba, ta tsaya suka sake hawowa tare. Mutanen garin Peppe suke kiranta. Da ta bar Sunnanå ma ba ta bar garin ba, ta koma wata ƙaramar ƙungiya, Clemensnäs, tana wasa tana horarwa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne lokacin da 'yan gudun hijira suka kwararo Suwidin wajen 2015, ta riƙa horar da samari 'yan Afganistan da suka iso garin, yawancinsu ba uwa ba uba a tare da su. Ta san zafin baƙunta a wurin da ba ka jin yaren kowa. Ni wannan ya fi mini kofi.

Maman_Hanifa
Kai, wannan ban taɓa ji ba. Allah ya biya ta.

Sani_Lissafi
Halin kirki ne babu shakka, Hajiya. Sai dai tambayar Bello a kan wadda ta fi iya ƙwallo ce, ba wadda ta fi kirki ba.

Hajiya_Turai
Ƙanena, ya ce "babu wadda ta kai ta". Kaiwa ta ƙunshi abubuwa da yawa.

Alhaji_Garwa
Gaisuwa daga Garwa, Kamaru. Ku kuna gardama a kan wadda ta fi, mu duka biyun sun sa mu kuka. 2004 Perpetua ta zuba mana huɗu. 2014 a Namibiya aka ci mu 2-0 a wasan ƙarshe, Oparanozie da Asisat suka ci, Perpetua tana cikin tawagar. Wadda ta fi ciwo ita ce 2016 a Yawunde, a gidanmu, fili ya cika maƙil tun da rana, saura 'yan mintuna a tashi Oparanozie ta sake cin mu. Ku duba bencin Najeriya a ranar: Florence Omagbemi ce koci, Perpetua tana cikin mataimakanta. Ta ci mu tana 'yar wasa, ta dawo ta ci mu tana mai horarwa. Mu ma dai muna da Gaëlle Enganamouit, gwarzuwar Afirka ta 2015, wadda ta fi kowa cin ƙwallo a gasar Suwidin a shekarar.

Bello_Fagge
Alhaji sai haƙuri, haka ƙwallo ta gada. Amma ka tuno mini da abin da ke ƙona mini rai. Waɗannan matan da suka ciyo kofi a Yawunde, da suka dawo Abuja sai da suka ƙi fita daga otal kusan mako biyu, har suka yi tattaki zuwa majalisa da kwalaye a hannu, kafin a biya su alawus ɗinsu. Kuma ba shi ne farko ba. A 2004, bayan ƙwallaye huɗun nan da nake ta faɗa, tawagar ta ƙi barin otal a Afirka ta Kudu saboda kuɗin da ba a ba su ba. Ka ci wasan ƙarshe 5-0, washegari kana roƙon haƙƙinka a ƙasar mutane. A cikin wannan hali Perpetua ta yi duk abin da ta yi.

Khalifa_Barca
Yaya Bello, ai Asisat ma tana cikin waɗanda suka zauna a otal ɗin a 2016. A Faransa a 2019 ma an sake yi. Wahalar ba ta tsallake ta ba.

Malam_Sabo_Koci
Gaskiya ne Khalifa, nan ka kawo magana. Bambancin shi ne Asisat tana da albashin ƙungiya mai kauri da kamfanonin talla a bayanta, idan alawus ya makale ba za ta kwana da yunwa ba. 'Yan zamanin Perpetua da yawansu wannan alawus ɗin shi ne jarinsu na rayuwa.

Nafisa_Abj
Shi ya sa da aka ba 'yan wasan 2025 dala 100,000 kowacce da gida da lambar girma bayan sun doke Maroko 3-2 a Rabat, na yi murna, amma sai da na tuna da tsofaffin. Kofi na goma aka yi wa wannan kyauta. Tara na baya fa, su wa suka ciyo su?

Ɗan_Lafiya
Na sha biyu ne ba na goma ba.

Sani_Lissafi
Duka biyun ana faɗa. Idan aka haɗa da na 1991 da 1995, waɗanda aka buga gida da waje ba tare da mai masauki ba, sha biyu ne. Idan aka fara daga 1998 da aka soma tara ƙasashe wuri ɗaya, goma ne: 1998, 2000, 2002, 2004, 2006, 2010, 2014, 2016, 2018 da na Maroko.

Baba_Tamaula
Yara, ku bar tsoho ya sa baki. Duk kun manta da 1999. A Amurka Najeriya ta kai zagayen 'yan takwas a kofin duniya, Birazil ta ci mu uku kafin hutun rabin lokaci, matan nan suka dawo suka farke duka ukun, sai a ƙarin lokaci Sissi ta ci da bugun tazara aka tashi 4-3. Har yau babu tawagar Falcons da ta sake kai wannan matsayi, ba ta Perpetua ba, ba ta Asisat ba. Mercy Akide ce tauraruwar wannan tawaga, kuma ita aka fara ba kyautar gwarzuwar Afirka a 2001. In ana neman wadda ta buɗe ƙofa, ita ce. Kowa ya sha inuwar gemu bai kai maƙogwaro ba, amma ku riƙa tambayar wanda ya riga ku gani.

Bello_Fagge
Baba, Allah ya ƙara girma. Akide ta buɗe ƙofa, ban musa ba. Amma daɗewa fa? Perpetua ta je Olamfik na Sidni a 2000, kuma tana fili a kofin duniya na 2015 a Kanada tana da shekara 39. Ranar da ta shigo wasa da Ostareliya ita ce mace mafi yawan shekaru da ta taɓa buga gasar, sai bayan 'yan kwanaki Christie Rampone ta Amurka ta karɓe tarihin, a wasa da mu ma kuwa. Shekara goma sha biyar a tawagar ƙasa a matsayin mai cin ƙwallo. Tsakanin kyautarta ta farko da ta ƙarshe shekara bakwai ne, kuma ta ƙarshen tana da 35 ta ɗauka.

Nafisa_Abj
In daɗewa ce ai Onome Ebi ta je kofin duniya shida.

Malam_Sabo_Koci
Ebi 'yar baya ce, Nafisa. Mai tsaron baya yana iya daɗewa da ƙwarewar karanta wasa ko gudu ya ragu. Mai cin ƙwallo da zarar taku ɗaya ya ragu an gama da shi. Abin da ya tsawaita wa Perpetua shi ne ba gudu kaɗai ta dogara da shi ba. Tana iya sauka tsakiya ta karɓi ƙwallo, ta juya da mai tsaro a bayanta, ta raba, sannan ka gan ta ta ɓullo cikin da'ira daidai lokacin da ƙwallo ke sauka. Asisat kuwa a ba ta fili a gabanta, ta tsere wa kowa. Ni da zan haɗa tawaga, Perpetua zan sa a bayan Asisat ta riƙa zura mata, kamar yadda aka so a yi a 2014 da suka haɗu a tawaga ɗaya.

Khalifa_Barca
Malam ka gudu daga tambayar. Wuri ɗaya ne ya rage a tawagar, wa za ka ɗauka?

Malam_Sabo_Koci
In wasan ƙarshe na kofin Afirka ne gobe, Perpetua. In da Ingila ko Sifaniya za mu kara, inda sau biyu kawai za mu samu damar kai hari, Asisat.

Zainab_PHE
Ni abin da zan roƙa, duk mai bidiyon wasan ƙarshe na 2004 ko na gasar 2010 ya turo nan. Na Asisat cike suke a YouTube, ɗalibaina sun haddace su. Ina so ranar Asabar in nuna musu na Perpetua su gani da idonsu.

Usman_Gidan_Kallo
Malama zan duba cikin tsofaffin faya-fayaina, ina ajiye wasannin Najeriya da yawa. Khalifa, kai ma in na samu ka zo ka kalla kafin ka sake cewa magana ta ƙare.

Khalifa_Barca
Zan zo Malam Usman, in sha Allah. Amma ko na kalla, shida dai ta fi huɗu, kuma kofin zakarun Turai yana hannun mutum ɗaya ne a cikinsu.